Gunkin da Na Ƙullo a Haɓar Zane

Tun da na dawo ba a bar ni na sha furata cikin natsuwa ba. Wannan ta shigo aron turmi, waccan ta ce gaisuwa ta kawo, tambayarsu kuwa ɗaya ce: Inna Dije, me kika gano a Gusau? Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Rabi na ce ta riƙe biro in faɗa sau ɗaya, duk mai son ji a karanta mata. Ni ban yi boko ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Na dai gargaɗe ta kada ta ƙara mini gishiri, nawa ya isa.

Ga wadda ba ta san ni ba, shekara arba'in ke nan ni ke yi wa amaren Kwatarkwashi ƙunshi da zanen katambiri a fuska. Wasu na yi wa uwa, na yi wa ɗiya. Ɗana Lawali malamin tarihi ne a wata sakandare, yana zaune a unguwar Damba a Gusau da matarsa Nafisa, 'yar Bungudu.

Watan jiya Hajiya Kulu, wadda ta koyi kwaɓa lalle a gabana kafin ta je Makka ta dawo da haƙori da girman kai, ta je asibiti Gusau ta yada zango a gidansu. Ta dawo ƙafarta ba ta warke ba, amma bakinta ya samu lafiya. Ta ce ta leƙa wani ɗaki ta ga gumaka jere a kan tebur, wasu har da jini a takobi. Ta ce ta tambayi ina maigidan, matarsa da bakinta ta ce ya tafi tsafi, kowace Asabar can yake kai su.

Kun san inda wannan magana ke yi mana ciwo. Duk inda ɗan garin nan ya je sai an tsokane shi da dutsenmu da abin da kakanni suka yi a kansa kafin su kama salla. Kwana uku ba a yi ba, Asabe matar Malam Isa, wadda ta riga ta kawo mini goron ƙunshin ɗiyarta, ta aiko wai in ɗan dakata. Da na bincika, Kulu aka ba. A wani gidan suna na tsaya gaban mata na ce in gunki ne, zan ƙullo shi a haɓar zanena in kawo in farfasa a gabansu. In kuwa ba gunki ba ne, Kulu za ta san wadda ta haifi Lawali. Ƙunshi ran Lahadi ne. Ran Alhamis da hantsi na fita bakin titi.

Motar da na samu don mutum biyar aka ƙera ta, mu tara muka shiga. Direba ya ce don girmana zai sa ni a gaba, ashe girman nawa rabin kujera ne, sauran rabin na wani mai jarkar manja. Kafin mu bar gari ya zauna mini a kan ƙullin hocen dawa da na toya wa Lawali.

"Inna, Gusau lahiya?" in ji direba.

"Mara lahiya za ni dubawa."

"Allah sarki. Mi ke damunai?"

"Shi za ni ganowa."

Ana ta hira a baya kan tsadar taki, amma da mun zo inda daji ya matso titi sai kowa ya yi shiru, direba ya taka mota, mai manja ya fara motsa baki. Da mun wuce, sai taki ya dawo. Tafiyar da a da muke yi da ƙafa muna waƙa, yanzu a mota ake yin ta da salati.

Gidajen Damba kamar uwa ɗaya ta haife su: katanga doguwa, baƙar ƙofar ƙarfe, a kulle da rana tsaka. Gida uku na buga kafin in dace. A na biyu wata ta miƙo mini sadaka ta ƙasan ƙofa ba tare da ta ga fuskata ba. Na tura mata abinta da ƙafa.

Nafisa ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta kawo mini wata taliya mai murɗe-murɗe kamar gashin tunkiya, ta ce minti biyar ake dafa ta. Na ce na ji alama. Ta kai ni ɗakin baƙi, na tarar da masai a cikin ɗakin, taku uku daga inda zan sa kai. Mu a gida bayan gida a bayan gida yake, shi ya sa aka sa masa sunan. Katifar kuwa da na zauna sai da ta haɗiye ni, na sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa.

Bayan la'asar Lawali ya shigo. Ban bar shi ya gama gaisuwa ba.

"Buɗe mini ɗakin nan."

Ya dubi matarsa, ta dubi ƙasa. Ya buɗe. Na yi bisimilla na shiga da ƙafar dama.

Jama'a, gumakan da suka hana ni barci, babbansu bai kai babban yatsana ba. 'Yan mutane ne na roba, wasu da baka, wasu da mashi, kowane a tsaye kan ɗan faifai kamar kwabo. Ga 'yan kwalabe na fenti sun fi talatin, ga buroshi masu bakin da bai kai gashin ido kauri ba, ga wani madubi mai ƙara girman abu. Na duba ƙarƙashin tebur, babu gashin kaza. Na shinshina, babu turare. Na lakaci jinin takobin na kai hanci, fenti ne.

Ya ce farare ake sayo su, shi ke yi musu launi ɗaya bayan ɗaya, wani yakan ci masa kwana uku. Ran Asabar sai ya kai su wurin abokansa, a jera a tebur, rundunarsa ta yi yaƙi da ta wani.

"Ina kuke wannan yaƙin?"

"Tsafe, Inna."

"Ina?"

"Tsafe. Garin Tsafe, gidan Dakta Umaru likitan dabbobi."

Na juya wurin Nafisa na ce ta maimaita mini abin da ta faɗa wa Kulu. Ta ce, "Ce mata na yi ya tafi Tsafe, kowace Asabar can yake kai su." Sai na jawo kujera na zauna. Garin da Kulu ke zuwa cin kasuwa tun tana budurwa, shi kunnenta ya mayar tsafi. Kunnen ba shi da laifi. Abin da zuciya ta je nema shi ya jiyo mata.

Kuna tsammanin na ji daɗi? Na ji, na ɗan lokaci. Daga baya wata kunyar ta taso. Mai tsafi aƙalla ana tsoronsa. Yanzu in koma in ce wa mata ɗana mai furfura a gemu wasan 'yar tsana yake yi? Na tambaye shi maganar siffa a cikin gida, ya ce ya tambayi malamai, wani ya tsananta wani ya sassauta, shi dai a akwati suke kwana kuma bai taɓa roƙonsu ko ruwan sha ba.

Ran Juma'a da safe ya tafi makaranta. Na koma ɗakin don in ƙara dubawa da hasken rana. A gefe ya ware guda goma sha biyu waɗanda zai kai gobe. Da na ɗora madubin nan a kansu sai raina ya ɓaci. Ƙafafunsu duk taɓo, rigunansu daƙal-daƙal, bakin mashi ya yi tsatsa. Na ce to, ko 'yar tsana ce, a gidan ɗana ba za ta je baƙunta da dauɗa ba. Na ga laifin Nafisa ma a zuciyata. Na ɗora ruwa, na zuba toka da kanwa, na jiƙa su, na sa soso. Ni in na yi wanki, na yi wanki. Dauɗar ta fita. Rigunan ma suka fita. Fuskokin ma. Na shanya su a kan faifai fari tas, kamar an ɓare gyaɗa.

Nafisa ta fito ta gani, ta ɗora hannu a ka. A nan na fara zargin wani abu.

Da ya dawo daga masallaci ya tsaya a kan faifan ya daɗe. Bai ɗaga murya ba, ban haife shi da wannan ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

"Inna, taɓon nan ni na zana shi. Tsatsar ma. Wanda ya fito yaƙi ba ya zama da farar riga. Wata uku nake kansu."

"Da gangan ka yi musu dauɗa?"

"Da gangan."

Na ce to a kai su haka mana, ai sun fi haske. Ya ce dokar wurin, wanda ba a yi wa fenti ba ba ya hawa tebur. Na ce yaƙin ƙarya har da doka, na gaske da ke bayan dutsenmu ba shi da ita. Ban faɗa don ya ji ciwo ba, amma sai ya zauna a bakin baranda, ya ce, "Shi ya sa, Inna. Gonar Baba shekara nawa rabon da mu taka ta? Ɗalibaina nawa aka tashi ƙauyensu? Wannan ne kaɗai yaƙin da na sani ana gama shi kafin la'asar, waɗanda suka mutu a kwashe su a mayar akwati, mako mai zuwa su fito."

Ban iya ba ɗan da na haifa haƙuri da baki ba. Na ce, "Kawo kwalaben."

Ya miƙo mini buroshinsa, na gwada na ga yana rawa kamar wutsiyar ɓera. Na aika Nafisa ta karyo mini tsinken tsintsiya, na tauna bakinsa na fiƙe shi yadda nake yi wa na katambiri. Muka raba aiki, shi riguna da makamai, ni fuska. A nan na gano asirin da ya ɓoye mini. Na ɗauko ɗaya cikin waɗanda ban wanke ba na sa a madubi, ashe duk rundunar Lawali harara-garke ce. Ido ɗaya na kallon Funtuwa, ɗaya na kallon Sakkwato.

"Da wannan idon suke harbi?"

"Ido ne ya fi wuya, Inna. Kowa a wurin haka nasa suke."

"Riƙe numfashi ake yi. Ka kafa ɗan ƙaramin yatsa a kumatu, ka ɗiga sau ɗaya, kada ka koma. Amarya tana kuka tana shure-shure nake ja mata layi ya tafi sak, balle wannan da ba ya motsi."

Cikin goma sha biyun akwai shugabarsu, wata dodanniya mai faɗin baki, ta wage shi kamar tana kiran wani daga hayin rafi. Lawali ya ce lokaci ya ƙure, in yi mata yadda na ga dama. Na dube ta, na ga kamar na san ta. Na ja mata bille a kumatu. Na mayar da hular ƙarfenta ɗankwali kore mai ɗigon fari, ɗaurin gaban goshi. Na nemi ruwan zinariya na ɗiga a haƙori ɗaya. Nafisa ta kawo mana ruwa ta leƙa, sai ta ajiye kofin ta ruga kicin, ina jin ta tana tari. Kafin a kira magariba mun gama. Taɓon ma ni na mayar musu, da jar ƙasar bakin ƙofa da ɗan ƙaro, ya ce ya fi nasa kama da gaske. To da me zai yi kama, ƙasa ce.

Asabar muka kama hanyar Tsafe a motarsa, akwatin a cinyata. Kun san hanyar ta gabanmu take bi. Da muka doso Kwatarkwashi na hango masu tallar gyaɗa a bakin titi, na ja mayafi na sunkuya har goshina ya taɓa akwati. Lawali ya ce lafiya, na ce takalmina nake nema. Ban same shi ba sai da dutse ya koma bayanmu.

Kusa da shiga Tsafe akwai shinge. Wani mai bindiga, ɗan saurayi da ƙurar hanya har gira, ya leƙo ya gaishe ni, ya ce me ke cikin akwati. Kafin in yi magana Lawali ya ce, "Sojojina ne." Ilimi bai hana mutum wauta. Nan take aka ce mu faka gefe, aka kira wani babba. Na buɗe musu da kaina. Babban ya ɗauki mai baka ɗaya ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Malam, su nawa gare ka?"

"Sun kusa ɗari."

"Suna cin abinci?"

"A'a."

"Ba sa neman hutu?"

"A'a."

Ya mayar da shi a hankali, ya ce, "Kada ka bari manya su ji, sai a sallame mu." Ya rufe akwatin ya ce Allah ya tsare hanya. Na ba ɗan saurayin nan ragowar hocen da mai manja ya zauna wa, ya karɓa da hannu biyu.

Gidan Dakta Umaru, a zaure aka kafa fagen. Tebur ne babba an shimfiɗa masa koren bargo, an yanka soson katifa an yi duwatsu, an kafa tsinken tsintsiya an ce daji ne. Maza biyar, ba yaro ko ɗaya: likita, malamai biyu, mai shagon magani, har da wani Alhaji daga Bilbis mai sayar da hatsi, wanda na san uwarsa. Da ya gan ni ya rasa inda zai sa fuskarsa. Aka ba ni kujera da fura mai kyau, nonon Fulanin gefen gari, ba irin ruwan da ake sayar mana ba.

Yadda ake yaƙin, ba a motsa soja sai an auna da awon tela. Mai baka ba ya harbi sai an jefa 'ya'yan lido an ga abin da suka nuna. Da na ga ana jefawa na ce caca ce ko duba? Suka ce ko ɗaya, ba a sa komai, ba a cin komai. Na ce to wannan ya fi caca asara. Suka yi rabin sa'a suna gardama kan ko wani mai mashi yana iya hango abokin gaba ta bayan soson katifa. Dakta ya kwanta da kumatu a kan tebur yana leƙe ta kafaɗar ɗan roba. Mutumin da ake kira daga ruga a yi masa layi.

Amma kafin a fara, da Lawali ya jera nasa, sai kowa ya matso. Suka taru da madubi suna miƙa wa juna.

"Malam Lawali, waɗannan kallona suke yi," in ji Dakta. "Wa ya yi maka idon?"

Lawali ya nuna ni da hannu biyu. Na ci gaba da shan furata.

Da aka zo kan dodanniya na tambayi aikinta. Suka buɗe wani littafi suka ce ba ta da baka ba ta da mashi, kururuwa take yi, duk wanda ke kusa da ita taƙi ɗaya sai ya watse. Na ce wanda ya rubuta littafin nan ya taɓa zuwa garinmu. Ta kuwa yi aiki, ta kori rabin mutanen Dakta ba ta taɓa kowa ba. Daga ƙarshe wani ɗan mai baka da aka manta da shi a bayan dutse aka jefa masa lido ya nuna shida, aka kwantar da ita. Lawali ya sha kashi. Ban taɓa ganin wanda aka ci da yaƙi yana washe baki haka ba. Aka yi la'asar, aka kawo tsire, matattu suka koma akwati. Dakta ya roƙe ni in yi wa nasa ido. Na ce ya kawo su Kwatarkwashi da rana, ta ƙofar gaba, ya yi sallama da ƙarfi.

Da muka iso Kwatarkwashi zai ajiye ni a gida na ce wa Lawali, "Ba ni shugabar." Bai tambaye ni dalili ba. Wannan karon ban nemi takalmi ba.

Lahadi da hantsi na shiga gidan Malam Isa ba a gayyace ni ba. Tsakar gida cike da mata, amarya a lulluɓe, Kulu a gaban ƙwaryar lalle ta kwaɓa shi ruwa-ruwa kamar kunu. Duk suka juyo. Na ce na yi alkawari, na cika. Na kwance haɓar zanena na ajiye dodanniyar a kan wani turmi da aka kife.

Suka matso a tsorace, wata na karanto addu'a. Tsohuwa Yaya Abu, wadda idonta ɗaya ne ke aiki, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa. Ta ɗago ta dubi wajen ƙwaryar lalle, ta sake sunkuyawa.

"Wagga ai Kulu ta."

Dariyar da aka yi, amarya ma sai da ta yaye lulluɓi. Na bari ta lafa, na ba su labarin Tsafe da tsafi, da manyan maza da awon tela. Sannan na ce, "Hajiya Kulu, ga abin da kika ce ɗana yana bauta wa. Ki duba da kyau. Duk faɗin garin nan, wa ya taɓa durƙusa wa wannan fuskar?"

Yaya Abu ta ce ai na ce zan farfasa. Na ce na fasa, ba na dukan wadda ba ta da lafiyar ƙafa. Asabe ta sa hannu ta jawo ƙwaryar ta turo gabana. Na ce a ƙaro garin lalle, wannan ba zai kama ko tafin jariri ba.

Kwana biyu Kulu ba ta fito ba. Ran na uku ta yi sallama a ƙofata, wai aron rariya ta zo. Na ba ta. Ta tsaya tana kallon saman kwabata, inda na ajiye abar tsakanin kwanukan samira. Ta daɗe. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Dije, haƙorin nan a hagu yake. Ke kin sa shi a dama."

Na ce ta buɗe in gani. Ta buɗe. Gaskiyarta ce. Na aika wa Lawali ya taho mini da ruwan zinariya ran Asabar in zai wuce, don ni ban taɓa barin aikina da kuskure ba.